Rigar Sanyi ta Masunta: Ulu, Alfaka, da Abin da Ke Isowa Kasuwannin Tasawa da Mayahi

Daga ƙarshen watan Nuwamba, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗowa daga arewa maso gabas, 'yan gwanjo a Tasawa, Mayahi, Maijirgi da Kanambakashe sukan kwance dilolin kayan sanyi. A cikin tulin akan ci karo da wata riga mai kauri, mai launin madara ko shuɗi mai duhu, gabanta cike da zanen saƙa mai kama da igiyar da aka tufka. Mai sayarwa ya ce ulu ce zalla. Matashin da ya taɓa ganin irinta a Facebook ya ce ai rigar masuntan Turai ce ta tun kaka da kakanni, da gashin alfaka ake saƙa ta. Daga nan sai farashi ya ɗaga, mai saye kuwa bai san ko wace magana zai kama ba.

Abubuwa uku ne aka cakuɗa wuri guda: rigar aiki da sanyin teku ya haifar, labarin da 'yan kasuwa suka ɗora mata daga baya, da gashin wata dabba ta Kudancin Amurka wadda masuntan ba su taɓa gani ba. Sai an raba su kafin mai saye ya san abin da kuɗinsa ke biya.

Ma'anar kalmomin

Saƙa a Hausa kalma ɗaya ce, amma aikin iri-iri ne. Akwai ta masaƙa, inda zare da abawa ke gitta juna har a sami fari, saƙi, gwado ko luru. Akwai ta kwarashi, mai ƙugiya ɗaya. Akwai kuma ta tsinke biyu ko fiye, inda zare guda ke sarƙafe maɗauki cikin maɗauki. Wannan ta ukun ce ke ba da rigar sanyi, shi ya sa take miƙewa ta koma, ba kamar yadi ba.

Ulu na ainihi gashin wasu tumaki ne, mai laushi, mai murɗe-murɗe, wanda ake sausayewa sau ɗaya ko biyu a shekara. Sai dai a kasuwanninmu duk zare mai taushi da ake saƙa kayan jarirai da shi ulu ake ce masa, alhali mafi yawansa akirilik ne, wato zaren roba da ake sarrafawa daga sinadaran man fetur. Kamfanin DuPont na Amurka ya fara fitar da shi kasuwa wajen 1950. A duniya baki ɗaya, ulu na gaskiya bai wuce kashi 1 cikin 100 na zaren da ake samarwa ba.

Lanolin shi ne maiƙon da fatar tunkiya ke fitarwa ya shafe gashinta. Alfaka kuwa dabba ce daga dangin raƙumi, ba ta da tozo, tsayinta bai kai na jaki ba, tana zaune a tsaunukan Andis.

Inda rigar ta fito

Iri biyu ne suka yi suna. Na farko gansi, wadda ake danganta sunanta da tsibirin Gansi da ke tsakanin Ingila da Faransa. A ƙarni na 19 ta zama rigar aiki ta masunta a gaɓar Ingila da Sikotland, a garuruwa irin su Whitby, Filey da Polperro. Duk abin da ke jikinta aiki ne ya kawo shi. Ana murɗa zaren da ƙarfi, a saƙa shi a matse da siraran tsinkayen ƙarfe don kada iska ta ratsa. Ana saƙa ta a zagaye, babu ɗinkin gefe da zai ɓarke. A ƙarƙashin hammata akwai wani ƙari mai kusurwa huɗu da ke barin mutum ya ɗaga hannu ya ja taru ba tare da rigar ta tattare ba. Hannun riga daga kafaɗa ake faro shi a gangaro, saboda idan baki ya cinye, sai a warware wannan ɗan wurin a sake saƙawa, ba sai an taɓa sauran ba. Akan ma gajarta hannun kaɗan don kada ya jiƙe ya riƙa gogar wuyan hannu. Gaba da baya sau da yawa iri ɗaya ne, mai ita na juya ta don kada gefe ɗaya ya riga tsufa.

Mata ne masu saƙar: iyaye, matan aure, da 'yan matan da ke bin jiragen kamun kifin herin daga Sikotland har Great Yarmouth suna fiɗar kifi suna sa masa gishiri. Idan jirage ba su dawo ba, sai su ɗauki tsinke. Ta haka zane ya riƙa tafiya daga wannan tasha zuwa waccan.

Na biyu ita ce rigar Aran, mai launin madara da manyan zanen igiya, wadda ita ce aka fi kwaikwayo a yau. Sunanta daga tsibirai uku ne a yammacin Ailan, kusa da Galway. Da ulun da ba a rina ba ake yin ta, kuma a da ba a wanke maiƙon duka, don ruwan yayyafi ya riƙa zamewa. Ga amfanin da ya sa masunta suka riƙe ulu: yana iya shan danshi har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa kafin jiki ya ji shi a jiƙe, kuma ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi. Auduga ba ta yin haka. Rigar auduga da ta sha ruwa a tekun Atlantika sanyi take ƙara wa mai ita.

Labarin da aka ɗora mata

Abin da aka fi yaɗawa shi ne wai rigar Aran ta shekara ɗaruruwa, wai kowane gida da zanensa, wai idan teku ta cinye masunci ta fito da gawarsa, da zanen rigar ake gane ɗan gidan wane ne. Labari ne mai taɓa zuciya, kuma yana sayar da kaya. Masu binciken tarihin saƙa, irin su Richard Rutt a littafinsa na 1987 da Alice Starmore a nata na 1997, ba su sami hujjarsa ba.

Abin da ya tabbata shi ne rigar ta bayyana ne a farkon ƙarni na 20. A 1891 gwamnatin Birtaniya ta kafa wata hukuma don tallafa wa yankunan yammacin Ailan masu fama da talauci, hukumar ta ƙarfafa kamun kifi da saƙa, kuma ta wannan hanya salon gansi ya isa tsibiran. Matan wurin suka ɗauka, suka ƙara kauri da ado. A shekarun 1930 wani kanti a Dublin da Muriel Gahan ke gudanarwa ya fara sayar da ita. Wani ɗan kasuwar zare mai suna Heinz Kiewe shi ya baza fassarar cewa kowane zane na da tsohuwar ma'ana ta addini. Batun gane gawa kuwa ana ganin ya samo tushe daga wani wasan kwaikwayo na J. M. Synge na 1904, inda wata yarinya ta gane tufafin ɗan'uwanta da ya nutse. Amma a wasan safa ce ba riga ba, kuma kuskuren saƙar da ita da kanta ta yi ne ya sa ta gane, ba zanen gida ba. Da mawaƙan Clancy Brothers suka fito a talabijin ɗin Amurka a 1961 sanye da rigar, sai kasuwarta ta buɗe gaba ɗaya.

Akwai masu cewa ba laifi, tunda labarin ya ciyar da gidaje a tsibiran da ba su da wata hanyar samu. Wannan magana tana da nauyi. Amma tana da illa da ba a cika faɗa ba: tana ƙwace yabo daga hannun matan da suka ƙirƙiro zanen da basirarsu, shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, ta miƙa shi ga wasu kakanni da babu wanda ya san su. Gaskiyar ta fi ƙagen daraja.

Yadda alfaka ta shigo

Babu alfaka a rigar masunta ta asali. Mutanen Andis sun mallaki dabbar tun kimanin shekara 6,000, kuma har yau Peru ke da mafi yawanta a duniya, musamman a yankunan Puno da Cusco, a tudun da ya haura mita 3,500 daga doron teku, inda ruwa ke daskarewa da dare. Birnin Arequipa ne cibiyar sarrafa gashin. Iri biyu ce: wakaya mai gashi a cure, da suri mai gashi a zube. A Ingila, Titus Salt na Bradford ne ya gano yadda za a kaɗa gashin da inji bayan ya ci karo da dilolinsa a tashar Liverpool a 1836, amma yadin riguna da kwat ya yi da shi, ba kayan masunta ba.

Haɗa gashin alfaka da rigar masunta aikin zamani ne, bayan rigar ta bar jirgin ruwa ta shiga kantin masu kuɗi. Kamfanin saƙa na Inis Meáin, da aka kafa a ɗaya daga tsibiran Aran a 1976, yana cikin masu amfani da alfaka da sauran zare masu laushi. Dalili a fili yake. Ulun gargajiya yana da kaushi, yana sa ƙaiƙayi a wuya. Masunci bai damu ba, amma mai zama a ofis ya damu. Ana auna kaurin gashi da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Gashin da ya haura maikiron 30 shi ke sukar fata. Alfaka mai kyau tana kusa da 20.

Sai dai kowane zare da nasa rauni. Alfaka ba ta da lanolin, kuma ba ta komawa yadda take idan an ja ta. Rigar alfaka zalla takan saki ta yi tsawo, zanen igiyar ya kwanta. Shi ya sa ake haɗa ta da ulu: ulu ya riƙe siffa, alfaka ta ba da laushi. Rigar da aka haɗa haka kaya ne mai kyau, amma kiranta ta gargajiya ba daidai ba ne. Kuma makiyayin da ke kan tudun Puno, kamar takwaransa na ko'ina, shi ke samun kaso mafi ƙanƙanta daga farashin da ake gani a kantin Paris.

Me ya sa tumakinmu ba su ba mu ita

Tambaya ce da ta dace a yankin da kusan kowane gida ke da dabba. Uda, Balami da Ara-ara tumakin gashi ne, ba na ulu ba. Gashinsu gajere ne, miƙaƙƙe, yana zuba da kansa, ba ya kaɗuwa ya zama zare. Haka ya dace da ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Arzikin dabbobin jihar Maradi nama ne da nono da fata, kuma fatar jar akuyar Maradi ta yi suna har ƙasashen waje.

Ba a ce babu ulu a Sahel ba. A Masina ta ƙasar Mali akwai tumakin ulu, kuma masaƙan Fulani sun daɗe suna saƙa bargon kasa da shi, wanda fatake suka riƙa kaiwa kasuwanni masu nisa. A Nijar ma akwai tunkiyar Kundum a bakin kogin Kwara a jihar Tillaberi, sai dai yawanta ya ragu ƙwarai. Ulun da ya shigo ƙasar Hausa a da, ta Sahara ya biyo, a siffar alkyabba da mulufi, kayan sarakuna da attajirai. Talaka da gwado da luru ya yi maganin sanyi. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya sauka Tasawa a Janairun 1851, a tsakiyar hunturu, a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, ƙasar auduga da marina ya shigo.

Masu tunanin a kawo alfaka a yi kiwo a kwarinmu na Gulbin Kaba su tuna cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi. Dabbar tsauni ce mai sanyi, ba za ta jure bazararmu ba. Ɗan'uwanta raƙumi shi ne namu, amma mai tozo ɗaya ba ya ba da gashi mai yawa kamar mai tozo biyu na Mongoliya da Sin.

Hanyar da take biyowa

Sabuwar rigar Aran ko gansi da aka saƙa da hannu tana cin makonni, kuma farashinta kan haura Yuro 200, wato sama da jika 130 na sefa. Ba wanda zai kawo ta haka kasuwar Mayahi. Ta gwanjo take isowa, abin da a Nijar ake ce wa bosho: tufafin da mutanen Turai da Amurka suka bayar, aka tace, aka matse cikin dila, aka ɗoro a jirgin ruwa. Shekara da shekaru tashar Kwatano ce babbar ƙofar wannan kaya, Maradi kuma mahaɗa, har ana tsallakawa da shi Najeriya inda doka ta hana shigo da shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar Nijar da Benin, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya ƙaru, mai saye a ƙauye ya biya bambancin.

A cikin dila guda, yawancin rigunan masu zanen igiya akirilik ne ko haɗi, aikin inji daga masana'antun Asiya. Ta ulu zalla takan faɗo jefi-jefi, mai alfaka kuwa sai an yi sa'a. Shi kansa ɗan gwanjon ba lallai ya san bambancin ba, don haka ba kowane “ulu ce zalla” ba ne yaudara. Wani lokaci ma akasin haka ke faruwa: a sayar da ta gaskiya a farashin roba saboda kaushinta ya kori masu taɓawa.

Sanyinmu da nasu ba ɗaya ba ne

Tasawa da Mayahi ba ƙasar kamun kifi ba ce. Gulbin Kaba kwari ne na goruba da gonaki, tafkuna kuma na damina ne. Masuntan jihar suna can Tafkin Madarumfa. Sanyin da muke fama da shi busasshe ne, mai ƙura, yana tsananta daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, yakan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, kafin azahar kuma ya ja da baya. Don haka babban abin alfaharin rigar masunta, wato jure ruwa, ba shi da aiki a nan.

Abin da ke da aiki shi ne matsewar saƙa. Ɗan kabu-kabun da ke fita bayan sallar asuba, mai amalanken da ke tashi da dare don ya riski kasuwa, mai gadi, makiyayi, almajirin da ke kwana a zaure, iska ce ke dukansu. Gansi mai matsattsiyar saƙa ta fi musu amfani a kan babbar rigar Aran ta ado wadda iska ke ratsa ramukanta. Ulu kuma ba ya riƙe warin gumi kamar roba, abin da ke da muhimmanci ga wanda zai sa riga ɗaya mako guda.

Akwai batun da ya fi duk waɗannan girma, shi ne wuta. A hunturu gidaje na hura kara da itace a tsakar gida, wasu na shigar da kaskon garwashi ɗaki, yara na zagaye suna jin ɗumi. Ulu ba ya saurin kamawa, idan ya kama yakan mutu da kansa ya bar toka. Akirilik yana kamawa da sauri, ya narke ya manne a fata. Mafi yawan hulunan sanyi, safa da rigunan da ake sa wa jarirai da ƙananan yara a yankin nan da shi aka yi su. Uwar da ta san haka za ta ja yaronta baya daga bakin murhu.

Yadda ake ganewa da yadda ake riƙewa

A fara da 'yar takardar da ke wuya ko gefen ciki. Idan an rubuta laine da Faransanci ko wool da Turanci, ulu ne. Alpaga ko alpaca, alfaka ce. Acrylique ko acrylic, roba ce. A duba adadin da ke gaban kowace kalma, domin akan rubuta alfaka da manyan baƙaƙe alhali kashi 10 ne kawai a ciki. Tambarin Woolmark, mai kama da ƙullin zare, wanda aka ƙirƙiro a 1964, alama ce ta ulu zalla. Idan takardar ta yanke, a zaro ɗan zare daga cikin riga a kusantar da shi ga ashana. Ulu da alfaka suna warin ƙonannen gashi, irin na babbakar kan rago, su bar baƙar toka da ke murƙushewa tsakanin yatsu. Akirilik yana baƙin hayaƙi, ya dunƙule ya zama ƙwallo mai tauri.

Wanki shi ne inda aka fi asara. Ruwan zafi, omo mai ƙarfi da cuɗa suna sa gashin ulu ya kama juna, rigar babba ta koma ta yaro, kuma ba ta dawowa. Ruwan sanyi da sabulu mai laushi ake so, a matse a hankali ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa a tabarma cikin inuwa maimakon ratayawa a igiya. Da yake wata takwas ko tara za ta yi a ajiye, a wanke ta kafin a naɗe, a sa kafur, a rufe a jaka, domin asu ba ya cin roba amma ulu abincinsa ne.

Mata masu saƙa da makomar sana'ar

A Tasawa, Mayahi da ƙauyukansu akwai matan da ke saƙa kayan jarirai da huluna da kwarashi, da tsinke, wasu da ƙaramin inji, ban da masu saƙar tabarma da faifai da kaba. Ra'ayi ya rabu a kan abin da gwanjo ke yi musu. Wasu na cewa shi ya karya masaƙa da maɗinka, kuma suna nuni da masaƙun Kaduna da Kano da suka rufe. Wasu na cewa in ba don shi ba, da yaran talakawa da yawa sun kwana da riga ɗaya a Janairu. Ruwanda ta gwada ƙara wa gwanjo haraji mai tsanani, Amurka ta mayar da martani a 2018 ta janye mata rangwamen shigar da tufafi. Duka ɓangarorin suna da gaskiya, kuma a halin da ake ciki hana gwanjo talaka zai fara cutarwa kafin ya amfani masaƙi.

Amma akwai abin yi a tsakani. Masu saƙar gansi ba su fi matanmu hannu ba. Abin da suka yi shi ne sun dubi aikin mazajensu suka gina riga a kansa: inda take cinyewa, inda take matsewa, inda iska ke shiga. Irin wannan duban ne ya rage a yi wa ɗan kabu-kabu da jariri a hunturun Maradi, wato wuya mai tsawo da ke tare ƙura, saƙa a matse a ƙirji, hannun da za a iya warwarewa a gyara. Tsohuwar rigar ulu ta gwanjo da ta huje ana iya warware ta a sami zare mai kyau a kuɗi kaɗan, auduga kuma tana nan.

Cibiyoyin koyar da sana'a na mata da ƙungiyoyin da ke tallafa musu a gundumomin Tasawa da Mayahi su sa sanin zare cikin darasi, ba salon saƙa kaɗai ba. Ma'aikatan lafiya da gidajen rediyon al'umma kuma su riƙa tuna wa iyaye haɗarin kayan roba a bakin wuta tun daga watan Nuwamba, kafin a kwance dilolin bana.